Manzo Bulus da Matsayin Wasiƙa a Sabon Alkawari

Daga cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari, 21 wasiƙu ne, kuma 13 daga cikinsu suna ɗauke da sunan mutum guda, wato Bulus. An haife shi a farkon ƙarni na ɗaya na miladiyya a Tarsus ta yankin Kilikiya, a kudancin Turkiyya ta yau. Bayahude ne daga ƙabilar Biliyaminu, Bafarisiye, mai sana'ar ɗinkin tanti, kuma sunansa na Ibrananci Shawulu. Da farko yana cikin masu tsananta wa mabiya Yesu, har abin da ya same shi a hanyar Dimashƙu ya mayar da shi mai wa'azin tafarkin da yake yaƙa.

Yawan tafiya ne ya sa shi rubutu. Yakan kafa jama'ar masu bi a gari, ya wuce gaba, sai labarin saɓani ko tambaya ya biyo shi. A Koranti ya zauna shekara ɗaya da rabi, kuma gurfanar da shi gaban gwamna Galiyo, wanda ya riƙe yankin Akaya wajen shekara ta 51 zuwa 52, ita ce madogarar masana wajen tsara shekarun rayuwarsa. A wannan zama ne ake ganin ya rubuta wasiƙarsa ta farko zuwa ga Tasalonikawa, wadda akasarin manazarta suke ɗauka a matsayin rubutun Kirista mafi daɗewa da ya wanzu. Ke nan wasiƙa ta riga Linjila zuwa kan takarda.

Kalmar Girkanci da aka fassara da wasiƙa tana nufin saƙon da aka aika, kuma Bulus ya bi tsarin zamaninsa: sunan mai aikawa, sunan wanda aka aika wa, gaisuwa, godiya, sannan gundarin magana. Sai dai ya musanya gaisuwar Girkawa da addu'ar alheri da salama. Yakan yi shifta ne, magatakarda yana rubutawa. Wanda ya rubuta ta Romawa, Tartiyas, har ya saka tasa gaisuwar. Wani lokaci Bulus yakan karɓi alƙalami ya rufe da hannunsa domin shaida. Ɗan saƙo ya kai, a karanta da ƙarfi a gaban taro. Saboda haka wasiƙar wakiliya ce, tana tsayawa a madadin mai ita, ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yanke hukunci. Mai nazarin Hausa zai lura cewa kalmar wasiƙa, wadda asalinta na Larabci yake nufin takardar shaida, ta fi dacewa da wannan nauyi fiye da yadda ake zato.

Batutuwan na yau da kullum ne: naman da aka yanka wa gumaka, kaciya, aure, gudummawa ga matalautan Urushalima, da makomar bawa Unisimas a hannun ubangidansa Filimon. Ba dukkan wasiƙun ne suka tsira ba, domin ta farko zuwa ga Korantiyawa ta ambaci wata da ta gabace ta. A cikin 13 ɗin ma, bakwai ne masana suka haɗu a kan cewa nasa ne. Sauran shida ana taƙaddama a kansu, kuma wanda ya gina tarihinsa a kansu ba tare da taka-tsantsan ba zai iya zamewa.

Riwayar Ikilisiya ta nuna an kashe shi a Roma zamanin Nero, a shekarun 60. Kafin tsakiyar ƙarni na biyu an riga an tattara wasiƙun, har Markiyon ya yi amfani da goma. A shekara ta 367 Atanasiyus na Iskandariya ya lissafa littattafan nan 27, shi ma a cikin wasiƙa. An jera na Bulus kusan bisa tsawonsu, na jama'a kafin na ɗaiɗaikun mutane, abin da ya sa ta Romawa, wadda ya rubuta a ƙarshen shekarun 50, ta zo gaba da waɗanda suka girme ta.