Rosalba Carriera: gwanar allin launi da ta rasa ganinta

Masu karatu, a wannan mako za mu leƙa ƙasar Italiya domin jin tarihin wata mace da ta ɗaga darajar allin launi, wanda Turawa ke kira fastel. Garin launi ne ake kwaɓawa da ɗan ƙaro, a murza shi kamar sandar alli. Ba ya bukatar mai ko ruwa: a goga a takarda, a shafa da yatsa.

An haifi Rosalba a birnin Benis a 1673. Mahaifinta ƙaramin ma'aikaci ne, mahaifiyarta kuma masaƙiyar leshi. Ta fara neman na kanta da zana ƙananan hotuna a kan murafun battar taba da kan hauren giwa. Daga nan ta koma zanen fuskokin mutane da fastel, a zamanin da akasarin masu zane suka ɗauke shi abin gwaji kawai. A hannunta sai ga jan kumatu, shuɗin siliki da ƙyallin lu'ulu'u sun fito kamar a taɓa.

A 1705 makarantar masu zane ta San Luka da ke Roma ta karɓe ta. A 1720 ta isa Paris, ta zana sarkin Faransa Lui na 15 yana ɗan shekara 10, kuma ƙungiyar masu zane ta masarautar ta sa ta cikin membobinta, abin da mata ƙalilan suka samu. Sarki Ogustus na 3 na Polan ya tara zane-zanenta sama da 150 a birnin Dresden. Ba ta yi aure ba. Da aikin hannunta ta riƙe gidansu.

Sai jarrabawa ta zo. Da tsufa ya kama ta, yanar ido ta rufe mata gani. An yi mata aiki, bai yi nasara ba. Matar da ta rayu tana tantance launi da launi ta ƙare shekarunta na ƙarshe cikin duhu, ta rasu a Benis ran 15 ga Afrilu 1757.

Abin mamaki, fastel ƙura ne da girgiza kaɗan ke iya zubarwa, amma da yake babu mai a cikinsa, ba ya yin rawaya ko duhu kamar fentin mai. Har yau masu ziyarar gidan tarihin zane na Dresden suna ganin launukan da ita kanta ta daina gani.