TARIHIN MARIGAYI DAKTA AKHTAR HAMEED KHAN

Gabatarwa

Idan ana maganar ayyukan raya karkara da unguwannin talakawa a nahiyar Asiya, da wuya a gama ba a ambaci sunan Dakta Akhtar Hameed Khan ba. Wannan bawan Allah ya jarraba hanyoyi biyu na gudanar da aikin ci gaban al'umma, ya ga inda ta farko ta yi rauni, ya gyara a ta biyu.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haife shi a garin Agra na ƙasar Indiya a ranar 15 ga Yuli, 1914. A shekarar 1936 ya shiga sahun manyan ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya, aka kuma tura shi Jami'ar Kambirij a Ingila don ƙaro ilimi. Da ya dawo, an tura shi aiki yankin Bengal, inda ya ga bala'in yunwar 1943 da idonsa, ya kuma ga yadda hukuma ta gaza ceton jama'a. A 1945 ya ajiye wannan babban muƙami, ya koma kusa da garin Aligarh yana aikin lebura da sana'ar kwado da makulli, domin ya san rayuwar talaka daga ciki.

Aikinsa a Kumilla

Bayan raba Indiya da Pakistan ya koma Pakistan, ya zama shugaban Kwalejin Victoria ta garin Kumilla, wanda a yau yake cikin ƙasar Bangladesh. A 1959 aka buɗe cibiyar nazarin raya karkara a garin, shi ne kuma shugabanta na farko. Ya tattara ƙananan manoma cikin ƙungiyoyin gama kai na ƙauye, waɗanda ke tara ajiya duk mako, suna da babbar ƙungiya a sama mai ba su rance da horo. An haɗa wannan da aikin hanyoyi da magudanan ruwa da noman rani. Aikin ya ja hankalin duniya, har aka ba shi lambar yabo ta Magsaysay a 1963.

Sai dai daga baya matsala ta kunno kai. Manoma masu hali suka mamaye ƙungiyoyi da yawa, ana karɓar rance ba a biya, kuma da gwamnati ta yaɗa tsarin a faɗin ƙasa cikin gaggawa, sai ya koma jiran kuɗin hukuma da na ƙasashen waje. Dakta Khan ya riƙe wannan darasi.

Aikinsa a Orangi

A 1980 ya fara sabon aiki a Orangi, wata makekiyar unguwar talakawa a gefen birnin Karachi. Bai zo da shiryayyen tsari a aljihu ba. Watanni ya yi yana zaga lunguna, yana zama da mutane yana sauraronsu, har ya gane cewa ƙazantar bayan gida da ke malala a layuka ita ce babbar damuwarsu. Ya lura abubuwa huɗu ne suka ɗaure musu hannu: zaton cewa aikin na gwamnati ne, tsadar aikin, rashin sanin dabararsa, da rashin haɗin kai.

Sai aka raba aikin gida biyu. Masai a cikin gida da bututun layi da bututun da ke haɗa layuka, na jama'a ne. Babban bututu da wurin tace ƙazanta, na hukuma ne. Kowane layi mai gidaje 20 zuwa 40 yakan zaɓi shugabansa, shi zai tara kuɗi, ya kuma sa ido a kan aiki. Ofishin Dakta Khan ba ya taɓa kuɗin jama'a, nasa shi ne auna ƙasa da zana taswira da ƙiyasin kuɗi da aron kayan aiki. Da yake babu ɗan kwangila, an kuma sauƙaƙa fasalin ginin, sai kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai da abin da hukuma kan kashe. Wani layi na ganin na maƙwabta ya tsabtata, sai su ma su nemi a zo a auna musu. A haka mafi yawan layukan Orangi suka samu magudana da guminsu, kuma idan bututu ya toshe su suke gyarawa.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a ranar 9 ga Oktoba, 1999, a Amurka, aka kawo gawarsa Karachi aka binne shi a harabar ofishin aikin Orangi.

Kammalawa

Mu a nan ba baƙin aikin gayya ba ne, amma mun saba ganin famfon burtsatse da aka ƙaddamar da kiɗa da jawabi, bayan shekara guda ya lalace, kowa na jiran wanda ya gina ya zo ya gyara. Rayuwar Dakta Khan ta nuna cewa kafin a sa harsashi, sai a tambayi masu unguwa abin da ke damunsu, a fayyace rabon kowa, a kuma bar kuɗi da kulawa a hannunsu. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.