Art Tatum: makahon da ya gagari masu ido a kan fiyano

Duk wanda ya san kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka, in ka tambaye shi wa ya fi kowa iya fiyano, da wuya bai fara da Art Tatum ba. Ni abin da ya ja hankalina ga tarihin mutumin nan shi ne, makanta da kowa ke zaton ita ce za ta durƙusar da shi, ba ta hana shi komai ba. Abubuwan da suka tauye shi daban ne, za mu zo kansu.

An haife shi ran 13 ga Oktoba 1909 a garin Toledo da ke jihar Ohio. Tun yana jariri yana ta rufe masa idanu. An yi masa aiki sau da dama, ya ɗan fara gani, sai kuma yana saurayi wasu suka far masa da duka, idon hagu ya tafi ɗungurungum. Na dama kuwa dishi-dishi yake gani da shi, in zai duba abu sai ya kawo shi dab da fuska.

Iyayensa ba masu hali ba ne, mahaifinsa makanike ne, amma ba su killace shi a gida ba. Sun sa shi makaranta a Toledo, a 1924 kuma ya tafi makarantar makafi ta Columbus. Ya koyi rubutun makafi. Ya yi karatun fiyano a hannun wani malami mai suna Overton Rainey, wanda shi ma idonsa ba ya gani sosai. Malamin kiɗan Turawa na gargajiya yake koyarwa, ba ya son ɗalibansa su taɓa jaz. To amma kunnen yaron ya riga ya tafi can. Abin da ya ji sau ɗaya a rediyo ko a faifai, sai ya zauna ya fitar da shi. Kafin ya cika shekara 20 har gidan rediyon WSPD na garinsu ya ba shi fili.

A 1932 mawaƙiya Adelaide Hall ta ɗauke shi ya riƙa yi mata kiɗa, ta haka ya shiga New York. A lokacin, manyan fiyano na unguwar Harlem suna da wata al'ada: in baƙo ya zo, sai a zauna cikin dare a gwada ƙwanji, kowa ya hau ya nuna abin da ya iya. James P. Johnson da Fats Waller da Willie Smith, wanda ake wa laƙabi da Zaki, su ne ke riƙe da garin. Saurayin nan ɗan Toledo ya hau, duk suka sallama masa.

Me ya yi haka? Fiyano maɓallai 88 gare shi. A salon Harlem, hannun hagu ke riƙe da taku, yana tsalle daga ƙarshen da ke da murya mai kauri zuwa tsakiya, hannun dama kuma yana bin waƙar. Masu ido ma sai sun leƙa kafin su dira daidai. Shi ba ya leƙawa, kuma saurinsa ya wuce nasu. Bayan sauri, yakan ɗauki waƙar da kowa ya sani ya sauya sautukan da ke ƙarƙashinta, ya kai ta nesa har ka ce ya ɓata, sai kawai ka ji ya dawo daidai kan gaɓa. Faifansa na Tiger Rag na 1933, da yawa da suka ji sun ɗauka mutum biyu ne ke kiɗan. Oscar Peterson na Kanada yana yaro mahaifinsa ya sa masa shi, ya yi makonni bai ko taɓa fiyano ba don karaya. Charlie Parker kuwa wanke-wanke ya kama a wani gidan abinci a Harlem inda Tatum ke wasa, ya riƙa sauraronsa yana aiki.

A 1938 ya je Ingila, har BBC ta watsa wasansa. A 1943 ya kafa ƙungiyar mutum uku da Tiny Grimes mai jita da Slam Stewart mai babbar goge ta tsaye, kuma ta samu kasuwa. A Janairun 1944 ya hau dandalin Metropolitan Opera House tare da su Louis Armstrong.

To, ina abin da ya tauye shin? Na farko zamanin da ya zo. Amurkar wancan lokaci ta wariyar launin fata ce. Baƙar fata mai irin wannan hannu, wurinsa gidajen rawa na dare, inda mutane ke hira da shaye-shaye yana kiɗa. Manyan zauruka sai jefi-jefi. Da sabon salon bibop ya shigo a tsakiyar shekarun 1940, sai kamfanonin faifai suka ja baya da shi, alhali matasan da suka kawo salon a wurinsa suka sha.

Na biyu kuwa, ba sai an ɓoye ba, giya ce. In ya tashi daga aiki, sai ya zarce wani wurin ya yi ta kiɗa har gari ya waye, yana yi yana sha, ga ciwon suga a jikinsa. Jiki ai ba ƙarfe ba ne.

Allah ya sa wani mai shirya faifai, Norman Granz, ya farga da wuri. A Disambar 1953 ya kai shi ɗakin ɗaukar sauti a Los Angeles, ya bar shi da fiyano ya buga abin da ransa ke so. Cikin kwana biyu ya ɗauki kiɗa kusan 70, yawancinsu bugu ɗaya ba maimaici. Kafin a gama, na shi kaɗai sun haura 120, ban da waɗanda ya yi da su Ben Webster da Benny Carter da Lionel Hampton. Ba don wannan ba, da babban ɓangare na gwanintarsa ya bi iskar dare.

Ya rasu ran 5 ga Nuwamba 1956 a Los Angeles sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 47. Sai a 1989, shekara 33 bayan mutuwarsa, aka ba shi lambar Grammy ta girmama aikin rayuwa.

Kowa da ra'ayinsa a kan kiɗa, ban zo jayayya a kai ba. Amma mu da yaro makaho a unguwanninmu yakan ƙare da sanda da ƙoƙon bara, ya kamata mu lura da inda labarin nan ya faro: gidan makanike, inda aka ɗauki yaron da ba ya gani aka kai shi makaranta, aka nema masa malami. Wannan kam ba ya buƙatar a je Amurka.