Sultan Mai Wurno da turakun da aka kafa a filin makarantarmu

Watan jiya wasu ma'aikata suka iso ƙauyen da nake koyarwa da mota da na'urar awon fili. Suka kakkafa turaku masu jan fenti, kafin la'asar sun yi gaba. Ɗaya daga cikin turakun a tsakiyar filin da yaranmu ke yin layi da safe ya faɗo. Hanya ce za ta ratsa ta nan, ko filaye za a yanka a raba, ba wanda aka gaya wa. Bayan magariba dattawa suka zauna a ƙofar masallaci ana ta jajantawa, sai wani tsoho ya ce da a zamanin Mai Wurno ne, ba mai kafa turke a garin mutanenmu sai ya fara zuwa fada ya yi gaisuwa. Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, amma da na koma gida maganar ta ƙi barina in yi barci, domin na san rabinta ne gaskiya. Akwai manyan turaku da aka kafa a ƙasar nan Mai Wurno yana raye, kuma ba da shi aka zauna aka tsara su ba.

Bari in fara da ko wane ne shi, saboda yaranmu da yawa sunan garin kawai suka sani, shi ma da lafazin Larabci, Mayirno.

Sunansa Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na farko, ɗan Ahmadu, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Wurno kuwa gari ne kusa da Sakkwato wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu ya mayar ribaɗi, ya zauna a cikinsa, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Sunan wancan Bellon aka sa wa namu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga labarinmu, domin an san Bello na Wurno da kafa garuruwa: ya zaɓi wuri, ya zaunar da makiyaya, ya sa a yi ganuwa da masallaci da gonaki. Wato kafa gari sana'ar gidansu ce.

A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suka bar gonakinsu da kasuwanninsu suka bi shi. Dama tun zamanin Shehu ana maganar cewa wata rana jama'arsa za su yi ƙaura zuwa wajen Nilu. Turawa suka bi sawu har Burmi, a ƙasar Gwambe, inda aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli 1903. A nan Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya, jagorancinsu ya koma hannun ɗansa Muhammadu Bello.

Wajen shekara uku suna hanya, suna bin turbar da alhazai suka saba bi. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ba mu labarin da ta ji daga tata kakar, cewa akan yada zango a yi noma damina guda, a girbe, a ɗaura guzuri, a ƙara gaba, a bar kaburbura a baya. A 1906 suka iso bakin Bahar Azrak, suka sauka a Shehu Talha, garin da zuriyar wani malami Bafulatani ke riƙe da shi tun kafin zuwansu. To ga abin mamaki: sun gudo daga Turawan Ingila a yamma, sun zo sun tarar da Turawan Ingila a gabas, domin tun 1899 Sudan take ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar.

A nan ne ya yanke shawarar da har yau muke cin moriyarta. Bai sake ɗaukar makami ba, bai kuma zauna baƙo a garin wasu har abada ba. Ya nemi wuri nasa, ya haye kogi zuwa gaɓar yamma, kudu da Sinnar, ya sari daji. Garin ya ɗauki sunansa.

Duk wanda ya san wurin ya san mai zaɓen yana da ido. Ga kogi don sha da su da noman jarfu idan ruwa ya janye, ga baƙar ƙasa ta noman dawa a bayan gari, ga itace, ga hanyar masu wucewa aikin hajji. Mutane suka zauna unguwa-unguwa, kowa kusa da 'yan ƙasarsu, Fulani da Hausawa da sauran waɗanda hijira ta haɗa. Baƙo in ya iso, wurin Sultan ake kai shi, a nuna masa inda zai kafa bukka da inda zai sare gona. Rigimar iyaka a fada ake kashe ta. Daga wannan gari ne mutane suka riƙa fita suna buɗe sababbin ƙauyuka a gaɓar Bahar Azrak, da wajen Dindir da Rahad, musamman bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Sinnar da Gadarif a ƙarshen shekarun 1920. Ƙauyukanmu da yawa, in ka bi asalinsu, za ka tarar akwai hannunsa ko na wakilansa a ciki.

Me ya sa Turawa suka bar shi? Ba don ƙauna ba. Ƙasar ta yi ƙarancin mutane bayan yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahadiyya, su kuma suna neman hannun aiki. Ban da haka suna tsoron kada 'yan yamma su taru a bayan Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi, saboda haka gara a ce akwai wani babba ɗan gidan Shehu da za su riƙa saurara. Har daga Najeriya an turo wani jami'i, Lethem, a 1925 don ya binciki halin da 'yan yamma ke ciki a Sudan. Mai Wurno ya gane suna bukatarsa, ya yi ciniki da wannan bukata, ya samo wa mutanensa wurin zama. Wasu suna ganin laifinsa, wai ɗan wanda ya faɗi a Burmi bai kamata ya zauna da Nasara ba. Ni dai ban ga laifin ba. Mutumin da ke da dubban marayu da zawarawa a wuyansa, ba jarumtaka ake nema a wurinsa ba, abinci da matsuguni ake nema.

Amma ga ɗaya rabin maganar, wanda tsohon nan na ƙofar masallaci bai faɗa ba.

A 1925 aka gama dam ɗin Sinnar a Makwar, tsawonsa wajen kilomita 3, aka buɗe aikin noman Jazira da faddan kusan 300,000. Mutanenmu suna cikin waɗanda suka ɗauki dutse da ƙasa a ka wajen ginin. Ruwan da dam ɗin ke tarewa a ƙofar Mai Wurno yake kwanciya, domin garin yana sama da dam. Amma babbar tur'a arewa ta nufa, ta kai ruwan Jazira. Yadda za a raba amfanin audugar ma an riga an gama shi tsakanin gwamnati da kamfanin Ingila mai kula da aikin, aka ware wa masu hawasha kashi 40 cikin 100. Wa zai sami hawasha? Masu gonakin asali da aka yi wa rajista da mazauna ƙauyukan wurin su ne a gaba. Mu kuma aka lissafa mu a wani shafi dabam, shafin masu cirar auduga da shara da yankan kara. Lokacin da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, masu hawasha da dama suka watsar suka tafi, sai ga shi an tuna da 'yan yamma, wasunsu suka karɓi hawashar da aka gudu aka bari. An neme mu da wuya ta zo, ba a neme mu ba ranar da ake zana taswira.

Haka ma maganar mulkin ƙasa. Da Turawa suka shimfiɗa Idara Ahliyya, suka raba ƙasa dar-dar, kowace da nazirinta ko makinta. Mai Wurno yana da sunan Sultan, yana da girma a idon kowa, mutanensa sun cika gaɓar koguna uku, amma bai sami dar irin ta nazirai ba. Ƙauyukan da jama'arsa suka sara a nesa, a takarda cikin ƙasar wasu suke. Muddin yana raye, kwarjininsa yana rufe wannan giɓi. In an taɓa mutanensa yakan yi magana a ji. To amma kwarjini ba a rubuta shi a rajistar filaye, kuma ba a gadonsa kamar gona.

Ya rasu a 1944, ɗansa Muhammadu Tahir ya gaje shi, kuma gidan yana nan da sarautarsa har yau, Allah ya ƙara masa albarka.

Ku duba abin da ya faru shekara biyu kacal bayan rasuwarsa. A 1946 masu hawasha a Jazira suka haɗa kai suka ƙi shuka, suna neman a ba su kuɗin ajiyarsu da ke hannun hukuma. Daga wannan yajin ne aka fara ba su wakilci, har abin ya zama ƙungiyar manoman Jazira da kowace gwamnati ke shakka. Su ba ɗan gidan Shehu gare su ba. Abin da suke da shi suna a rajista da taro da wakilai da ake zaɓa. Leburan da ke musu aiki kuwa suka ci gaba da zama a kambo, a gefen tur'a, a filin da ba nasu ba, inda sau da yawa ba a yarda a yi ginin dindindin ko a ja ruwan famfo. Akwai kambon da jikokin jikoki ke zaune a ciki yau, amma a taswira babu shi.

Sai dokar jinsiyya ta 1957 ta zo ta ƙara gishiri a miki. Ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Mai Wurno sun iso a 1906. Shekara tara kenan tsakani, amma iyayenmu sun sha wuyar shekara taran nan a ofisoshi, wajen neman takardar makaranta da aiki da fili. An sassauta dokar daga baya, alhamdu lillahi, sai dai tabon bai gama gogewa ba. Wanda ake tambayarsa ko ɗan ƙasa ne, da wane baki zai tambayi inda hanya za ta bi?

Kuma abin bai tsaya a tarihi ba. An gama dam ɗin Rusairis a 1966, aka ƙara masa tsawo da mita 10 aka buɗe a 2013, ruwa ya ci ƙauyuka da gonakin jarfu, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa. Na ziyarci dangi a ɗaya daga cikinsu. Gidaje a jere reras, layi ya miƙe kamar an ja da zare, amma mai tsarin bai tambayi matan gida inda za su ɗaure awaki ba, bai tambayi masunci nisan da zai yi kafin ya kai ga jirginsa ba. Da Mai Wurno ne ya zaɓi wurin, da kogi ya fara dubawa.

Ga yadda nake auna mutumin. Ya iya abin da injiniyoyi da yawa ba su iya ba, wato ya zaunar da mutane inda za su rayu, domin yana cikinsu, yana cin abin da suke ci, kuma duk mai ƙorafi ya san ƙofar da zai buga. Inda abin ya gaza shi ne komai a wuyan mutum ɗaya yake rataye, kuma a baka. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, zamanin ne bai ba baƙo damar fiye da haka ba. Laifin da nake gani namu ne, mu da muka yi karatu, muke da jinsiyya a aljihu, amma har yanzu in an kafa turke sai mu taru muna cewa da Sultan na nan. Shi da ya tarar da daji bai tsaya jiran kowa ba.

Yanzu kuwa lokacin ya matse. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya iso jiharmu, Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni 2024, aka ƙwato ta a Nuwamba. Mutane suna komowa, wasu sun tarar da baƙi a filayensu, wasu takardunsu sun ƙone, ga waɗanda suka gudo daga Jazira suka zauna tare da mu ba su da niyyar komawa. Duk inda aka yi irin wannan, sabon rabon fili na tafe, kuma wanda ba ya wurin ranar awo shi za a yanka.

Game da turken makarantarmu, abin da muka yi kaɗan ne. Na sa 'yan aji shida suka zagaya gari da takarda da fensir, suka zana masallatai da maƙabarta da rijiyoyi da burtalin shanu da hanyar da mata ke bi zuwa kogi, kowane wuri da sunan da muke kiransa. Tsofaffi suka gyara musu, har gardama ta tashi a kan iyakar tsohuwar maƙabarta, wadda ashe rabin garin ba su san ta kai bayan makaranta ba. Aka kafa lajna ta mutum tara, da limami da matasa da mata biyu. Sa matan sai da aka kai ruwa rana, wani dattijo ya tashi ya bar taron, washegari ya dawo. Muka rubuta takarda da Larabci muna neman a nuna mana taswirar tun kafin a sa mata hannu, muka haɗa da zanen yaran, muka kai, muka karɓi lambar shiga, muka ajiye kwafi uku a gidaje uku.

An ce mu dawo bayan sati biyu. Yau kwana goma sha tara. Turken yana nan, yara sun mayar da shi ragar ƙwallo, mu kuma ranar Lahadi za mu sake komawa, wannan karon da motar haya guda cike da mutane.