Leonardo da Vinci: Ilmin da Ya Kwana a Akwati

'Yan uwa matasa, a wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Italiya, mu ji tarihin mutumin da duniya ta fi sani da zanen Mona Lisa, alhali mafi yawan rayuwarsa a bincike ta ƙare.

An haifi Leonardo ran 15 ga Afrilu, 1452, kusa da garin Vinci, shi ya sa aka laƙaba masa sunan garin. Mahaifinsa marubucin takardun shari'a ne, amma da yake ba ta hanyar aure aka haife shi ba, bai gaji sana'ar uban ba. Bai kuma sami karatun Latin, harshen ilmi na Turai a lokacin, ba, sai da ya girma ya koya wa kansa. Yana da kimanin shekara 14 aka kai shi birnin Florence wajen wani gwani mai suna Verrocchio, ya koyi zane da sassaƙa da narka ƙarfe.

Abin da bai samu a makaranta ba, sai ya nema da idonsa. Kullum yana tafe da ɗan littafi, abin da ya gani ya zana, abin da ya ɗaure masa kai ya rubuta. Bahago ne, kuma daga dama zuwa hagu yake rubutu kamar Larabci, sai dai haruffan a juye suke, da madubi aka fi karanta su.

Wajen 1482 ya koma Milan, ya yi wa sarkinta Ludovico Sforza aikin injiniya da zane. Ya lura da tashin tsuntsaye, ya zana na'urorin tashi sama. Ya binciki gudun ruwa da haƙar magudanai. Da ya ga ɓawon dabbobin teku a kan duwatsu, ya gane cewa wurin ya taɓa zama ƙarƙashin ruwa. Ya feɗe gawa wajen 30, ya zana ƙashi da jijiya da zuciya. Abin da ya hango game da yadda jini ke juyawa ya taimaka wajen rufe ƙofar zuciya, sai a shekarun 1960 masana suka tabbatar da shi.

Wajen 1502 ya tsara wa Sarkin Daular Usmaniyya, Bayazid na Biyu, gada mai tsawon mita 240 a Istanbul. Ba a gina ta ba, amma a 2001 an gina ƙarama bisa tsarinsa a ƙasar Norway.

A 1516 ya koma Faransa bisa gayyatar Sarki Francis na Ɗaya, can ya rasu ran 2 ga Mayu, 1519, yana da shekara 67.

To, ga inda gizo ke saƙa. Leonardo yana da saurin fara aiki, ga wuyar gamawa. Zane-zanensa da suka rage ba su kai 20 ba, kuma bai buga littafi ko ɗaya ba a rayuwarsa. Takardunsa ya bar wa almajirinsa Melzi, bayan mutuwar Melzi suka watse, da yawa suka ɓata, shafi wajen 7,000 ya saura. A 1543 likita Vesalius ya buga littafinsa a kan jikin mutum, da shi likitoci suka yi karatu, na Leonardo kuwa yana kulle shekaru aru-aru.

Saboda haka, ɗan uwa, kada rashin babbar makaranta ya kashe maka gwiwa, ido da tambaya ba a sayen su da kuɗi. Amma abin da ka fara, ka gama shi, abin da ka sani kuma ka koya wa na bayanka tun kana da rai. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.