Abdou Moumouni Dioffo: Ɗan Tasawa da ya auna zafin rana tun kafin kwamfuta ta shigo aji

Duk shekara, idan aka buɗe jami'o'i a Jamhuriyar Nijar, ɗaruruwan matasa daga Tasawa, Mayahi da ƙauyukan da ke kewaye da su kan ɗauki jaka su nufi Maraɗi ko Yamai domin karatun injiniya da kimiyyar kwamfuta. Waɗanda suka sauka a Yamai, sunan farko da suke cin karo da shi a ƙofar jami'a shi ne na Abdou Moumouni. Da yawa daga cikinsu ba su san cewa a garinsu aka yanke cibiyar mai wannan suna ba.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa ranar 26 ga Yunin 1929, a cikin iyalin da asalinsu Zabarmawa ne na gidan sarautar Kirtashi da ke bakin kogin Kwara, kudu da Yamai. Shekara 30 kacal kafin haihuwarsa, a watan Yulin 1899, aka kawo ƙarshen ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a wannan yanki, bayan ƙone-ƙonen garuruwa da kisan da suka yi tun daga yamma. Kaburburan hafsoshin biyu suna Maijirgi, ba nisa da Tasawa. Ke nan yaron ya tashi a tsakanin tsofaffin da suka ga zuwan Nasara da idonsu.

Ya yi karatun farko a Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan ya samu shiga makarantar William Ponty da ke Sanagal. Wannan makaranta ita ce ƙololuwar abin da mulkin mallaka ya tanadar wa ɗan Afirka ta Yamma a wancan lokaci, kuma ita ta yaye Diori Hamani, Boubou Hama, Modibo Keita da Houphouët-Boigny. Malaman firamare, akawu da mataimakan likita take fitarwa. Ba a gina ta don ta fitar da masanin kimiyya ba, shi ya sa sai da Abdou Moumouni ya bi ta sakandare a Dakar kafin ya isa Paris.

A Paris ya sami digirin farko a kimiyyar fiziks a 1953, ya ƙara da babbar difloma a 1954. A 1956 ya ci jarrabawar gasa da Faransawa ke kira agregasiyon, wadda da ita suke tace manyan malamai, kuma kujerunta ƙididdigaggu ne duk shekara. Shi ne ɗan Afirka baƙar fata na farko daga ƙasashen renon Faransa da ya ci ta a fannin fiziks. Yana da shekara 27.

Bai tsaya ga littafi kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka da ke Faransa, FEANF, kuma yana cikin jam'iyyar PAI da aka kafa a Sanagal a 1957, wadda ta nemi 'yancin kai kai tsaye a lokacin da manyan 'yan siyasa ke ta lallaɓa Faransa.

Ranar 28 ga Satumban 1958 Gini ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da tayin Janar de Gaulle. Faransa ta mayar da martani da kwashe ma'aikatanta, har da malaman makaranta, azuzuwa suka zama fayau. Abdou Moumouni yana koyarwa a Dakar a lokacin. Ya bar wannan aiki ya tafi Konakiri, kamar yadda masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo da wasu malamai 'yan Afirka suka yi, domin kada makarantun sabuwar ƙasar su rufe. A Nijar kuwa ɓangaren Djibo Bakary da ya nemi a ce a'a ya sha kaye, kuma gwamnatin Diori da ta biyo baya ta zaɓi zama kusa da Faransa. Ra'ayinsa da nata sun yi hannun riga, kuma mafi yawan shekarun 1960 a waje ya yi su.

A farkon waɗannan shekaru ya je Tarayyar Sobiyet ya yi nazari kan makamashin rana a ƙarƙashin cibiyar kimiyya ta ƙasar. Daga 1964 ya zauna a Bamako, inda ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali, yana kuma koyarwa a babbar makarantar horar da malamai. A 1967 ya kare kundin digirinsa na dakta a Paris.

Batun wannan kundi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne sabon ɗalibin injiniya zai ga kansa. Idan aka ƙera madubi mai siffar kwano, irin siffar farantin kama tashoshin talabijin, duk hasken ranar da ya faɗo a kansa yakan karkata ya taru a wuri ɗaya. A tsakar rana, idan gari ya yi wasai, kowace murabba'in mita tana karɓar kusan wat 1,000. Tara hasken mita biyu ko uku a wuri mai faɗin tafin hannu, ka sami wutar da za ta tafasa tukunya. Da babban madubi har ƙarfe ana narkarwa. To amma rana ba ɗigo ba ce, tana da faɗi a sararin sama, kuma babu madubin da ba shi da ɗan karkata. Saboda haka zafin ba ya taruwa a tsini guda, yana bazuwa ne, ya yi tsanani a tsakiya ya riƙa raguwa zuwa gefe. Yadda wannan zafi ke rarrabuwa a inda hasken ya taru shi ne abin da Abdou Moumouni ya bi da lissafi, sannan ya gwada da awo don ya ga ko lissafin ya yi daidai. Wanda bai san wannan ba, bai san inda zai ɗora tukunyarsa ba, bai kuma san girman da ya kamata ta yi ba.

Irin wannan matsala ita ce ake ba ɗalibi a shekarar farko ta kimiyyar kwamfuta a yau. Za a ce masa ya raba madubin gida-gida, ya bi silin haske ɗaya daga rana zuwa madubi zuwa tukunya, ya rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya tsallake ko guda ba, sannan ya sa na'ura ta maimaita su sau miliyan. Wannan jerin matakai shi ake kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ɗalibai da yawa kan shigo da zaton cewa fannin koyon sarrafa na'ura ne, buga takardu da gyaran waya. Mako biyu sun isa su gane cewa lissafi ne da tsara tunani. Kwamfuta ba ta san fiziks ba. Idan aka ba ta ƙa'idar da ba daidai ba, za ta maimaita kuskuren cikin sauri, ta kuma fitar da shi da kyakkyawan zane.

Akwai wata alaƙar kuma. Silikon da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, shi ne dai ake yin farantan sola da shi, kuma daga yashi ake tace shi. Ɗalibin da ya gudu daga darasin fiziks zuwa na kwamfuta, bai yi nisa ba.

A 1969, bayan juyin mulkin da ya kifar da Modibo Keita a watan Nuwamban 1968, Abdou Moumouni ya dawo gida ya karɓi ragamar hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, wadda ya jagoranta har tsakiyar shekarun 1980. A ƙarƙashinsa hukumar ta yi bincike, ta kuma ƙera kaya a Yamai: na'urar ɗumama ruwa, murhun girki, na'urar tace ruwa, ta busar da abinci, har da injin da zafin rana ke juyawa domin jawo ruwa.

Dawowarsa ta zo daidai da babban farin da ya afka wa Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974. Mutanen Mayahi da Tasawa ba sa bukatar a yi masu bayanin abin da ya biyo baya. Dabbobi sun mutu, gonaki sun zama fili, mata suna tafiyar sa'o'i neman itacen girki, wasu suka koma ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. Rijiyoyin yankin kuwa masu zurfi ne, jan guga ɗaya aiki ne na jaki ko sa. Hujjarsa mai sauƙi ce: ƙasar da ba ta da teku, wadda ke sayo mai daga nesa, wadda dazukanta ke ƙarewa, tana samun abin da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 na hasken rana a kowace murabba'in mita kullum. Ya fara rubuta wannan tun 1964, kusan shekara goma kafin tashin farashin mai na 1973 ya sa manyan ƙasashe su waiwayi rana.

Gaskiyar magana, kayan ONERSOL ba su shiga gidajen talakawa yadda aka yi fata ba. Ƙarfe da gilashi daga waje ake shigo da su, kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi, kuma murhun rana yana bukatar a yi girki da tsakar rana a waje, alhali tuwon dare ne babban abincin gida. Farantan da suka cika kasuwannin Maraɗi da Tasawa a yau, waɗanda ake cajin waya da jawo ruwa da su, yawancinsu daga Sin suke zuwa. Hasashensa ya tabbata, sai dai masana'antar da ya so a gina a gida ba ta tsaya da ƙafarta ba.

A 1964 ɗin dai ya wallafa littafinsa L'Éducation en Afrique, wanda aka fassara zuwa Turanci a 1968. A ciki ya bayyana tarbiyyar gargajiya, inda yaro ke koyo ta hanyar yi, a gona, a maƙera, a masaƙa. Ya nuna yadda makarantar mulkin mallaka ta zaɓi 'yan ƙalilan ta raba su da wannan rayuwa don su yi wa ofis hidima. Ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a faɗaɗa ilimin kimiyya da na sana'a, a yaƙi jahilci a tsakanin manya, a kuma haɗa makaranta da aikin da ƙasa ke ci da shi. Wanda ya taɓa ganin ɗan aji ɗaya a ƙauyen Mayahi yana haddace lissafi da Faransancin da ba ya ji, ya san maganar ba ta tsufa ba, duk da makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida da Nijar ta fara buɗewa a shekarun 1970.

Ya koyar da fiziks a Jami'ar Yamai tun tana jaririya, ya kuma zama shugabanta daga 1979 zuwa farkon shekarun 1980, a zamanin Seyni Kountché. Matarsa, Aïssata Moumouni, ita ce mace ta farko da ta shiga majalisar ministocin Nijar, a 1987.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991, yana da shekara 61, 'yan watanni kafin a buɗe Babban Taron Ƙasa. A 1992 aka raɗa wa jami'ar sunansa, kuma ranar rasuwarsa ce Nijar ta ware a matsayin ranar makamashin da ake sabuntawa.

Har yanzu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma a karkara abin ya fi haka muni. Ɗalibin kwamfuta da ya koma hutu ƙauye, da farantin sola yake cajin na'urarsa, in ya samu. Lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da ƙasar ke amfani da shi daga can yake zuwa. A ƙarshen wannan shekara aka kunna tashar sola ta Gorou Banda mai ƙarfin megawat 30, a gefen Yamai, a ɓangaren kogin da jami'ar Abdou Moumouni take.