Ottavio Rinuccini

Ottavio Rinuccini (1563–1621) marubucin waƙoƙi ne ɗan ƙasar Italiya, wanda ya rubuta baitocin wasannin opera na farko a tarihi. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa da rakiyar kiɗa, rubutattun baitocinsa kuma ana kiransu libretto.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Florence, a gidan masu faɗa-a-ji, ya kuma yi hidima a fadar iyalan Medici masu mulkin birnin. A 1589 ya rubuta yawancin waƙoƙin da aka rera a bikin auren Ferdinando na Ɗaya. A lokacin, masanan Florence sun yi imani cewa Girkawan dā rera wasanninsu suke yi, don haka suka nemi farfaɗo da wannan salo.

Ayyukansa

Wasansa na farko shi ne Dafne, wanda Jacopo Peri da Jacopo Corsi suka yi wa kiɗa, aka nuna shi a gidan Corsi wajajen 1598. A 1600 ya rubuta Euridice domin bikin auren Maria de' Medici da Sarki Henry na Huɗu na Faransa. Ita ce opera mafi daɗewa da kiɗanta ya iso wannan zamani cikakke. A tatsuniyar asali, Orfeo ya rasa matarsa har abada, amma Rinuccini ya sauya ƙarshen ya mayar masa da ita, domin labarin ya dace da ranar biki.

A 1608 ya rubuta L'Arianna, wanda Claudio Monteverdi ya yi wa kiɗa a Mantua. Kiɗan ya ɓata, sai waƙar kukan Arianna kaɗai ta rage.

Rasuwa da tasiri

Ya rasu a Florence ranar 28 ga Maris, 1621. Baitocinsa sun fi kiɗan da aka yi musu tsawon rai, saboda an buga su a takarda. Yawancin kiɗan Dafne na farko ya salwanta, amma Marco da Gagliano ya sake yi wa baitocin kiɗa a 1608, sannan Martin Opitz ya mayar da su Jamusanci domin Heinrich Schütz a 1627. Daga waɗannan rubuce-rubuce ne ɗalibai ke sanin yadda wasannin da kiɗansu ya ɓata suka kasance.